ZANCEN ZAURE: Tsohon Akwatin Kifin Teku, Arharsa Da Tsadarsa

Masu karatu za su tuna da muhawarar da aka yi a zauren ƙungiyarmu bayan Babbar Salla, sa'ad da samarinmu uku suka zo neman rance daga asusun jama'a, wai za su sayi wani tsohon akwatin gilas na kiwon kifin teku su gyara shi da hannunsu. A ran nan dattawa suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ga teku nan shimfiɗe, ba ta fi shiga mota ɗaya daga Nima ba, don me za a kashe kuɗi a tsare kifi cikin gilas, kifin da ba a ci, ba a kuma kai shi kasuwa? Waɗansu suka ce akwai manyan masaukai da ofisoshi a nan Ankara masu irin waɗannan akwatuna, dole kuwa su biya mai kula musu da su, yaro in ya koyi abin ya sami sana'a. Daga ƙarshe aka ba da rancen, aka ɗora mana mu riƙa leƙa aikin muna kawo labari. To, yau wata biyar ke nan, ga labarin da daɗinsa da ɗacinsa, gama kuɗin jama'a ne, ba mu da ikon ɓoye kome.

Akwatin dai daga wani masauki na bakin teku ya fito, wanda ya canja hannu, sababbin masu shi ba su da bukatar kifi. Tsawonsa santimita 100, faɗinsa 40, tsayinsa 50, watau yana cin ruwa lita 200. An haɗa musu da teburinsa na ƙarfe, da ɗan injin da ke juya ruwa, da fitila, da duwatsu cike da bokiti biyu, duka a kan abin da bai kai rubu'in kuɗin sabo ba. Duk ɗan kasuwar da ya ji wannan ya ce an yi ciniki. An kuwa yi, amma mun gane daga baya cewa mai sayen tsohon akwati rabin kuɗin kaɗai ya ke biya a wurin ciniki, sauran rabin da haƙuri a ke biyansa, wanda ya ƙi biya da haƙuri kuwa sai ya biya da hasara. Samarinmu sun yi hasara sau biyu, dukansu kuwa gaggawa ce ta jawo.

Ta farko tun daren da aka kawo shi. Don ɗoki suka wanke shi da sabulu, suka girka shi a shagon wani Alhaji mai sayar da shinkafa wanda ya ba su aron wuri, suka cika shi da ruwa har baki, suka rufe shago suka tafi. Da asuba Alhaji ya buɗe ƙofa ya tarar da ruwa kwance, buhu biyu na ƙasa sun jiƙe sharkaf. Akwatin da ya shekara biyu a bushe a bayan ɗakin girki, rana na dukansa, ai ba a cika shi a ɗaki sai an gwada shi a waje. Alhaji, Allah ya saka masa da alheri, ya yafe buhu ɗaya, ɗayan aka rubuta a kan samarin.

Abin Dubawa Kafin Ciniki

Daga nan aka koma aka soma daga inda ya kamata a soma tun farko, watau duba. Mai sayen doki yana duba haƙori da kofato, mai sayen wannan akwati kuma abu huɗu zai duba. Na ɗaya gilas: a haska shi da tocila daga gefe, ƙarzuwa ba ta hana aiki, amma tsaga ko da kamar silin gashi ce, a bar wa mai shi kayansa, domin nauyin ruwa zai bi ta ya buɗe ta. Na biyu sandar da ta gitta bakinsa daga gaba zuwa baya, in yana da ita, ita ke hana gilas yin ciki in an cika ruwa, in ta karye sai an sake ta. Na uku a tambayi mai shi ko ya taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, gama duwatsu da yashi suna shanye shi su riƙa sakinsa sannu sannu, shi kuwa yana kashe jatan lande da dodon koɗi da murjani. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne danƙon da ya haɗa gilasan, wanda a ke kira silikon.

A nan sai mu ɗan tsaya. A zamanin da, akwatunan nan da ƙarfe a ke yi musu gwafa, ruwan gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe lafiya. Sai a shekarun 1960 aka soma haɗa gilas da gilas da wannan danƙo kaɗai, shi ya sa kiwon kifin teku a gida ya yi sauƙi. Danƙon wuri biyu ya ke. Akwai siririn da ke tsakanin bakin gilas da gilas, shi ke riƙe akwatin kada ya rabu. Akwai kuma mai kauri wanda aka shafa ta ciki a kowace kusurwa, shi ke tare ruwa, ya kuma kare na farkon. In na ciki ne ya ɓamɓaro ko ya bushe, gyara ne na mai haƙuri a gida. In kuwa na tsakanin gilasan ne ya yi fari fari ko ya cika da kumfa, to sai an wargaza akwatin duka an sake haɗa shi, wannan kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne. Allah ya taimaki samarinmu, nasu na ciki ne ya lalace a kusurwa biyu.

Wanki Da Sake Danƙo

Farin dattin nan mai tauri da ke manne a jikin tsohon akwati irin alli ne, ba ya jin sabulu, tsami ya ke ji. A jiƙa tsumma da binega a shimfiɗa a kai ya yi 'yan sa'o'i, sa'an nan a kankare da sabuwar reza a kwance. Injin ma a kwance shi a jiƙa a ruwan binega ya kwana. Amma reza ga gilas na gaskiya kaɗai ta ke, akwai akwatunan roba mai kama da gilas, waɗannan reza ɓata su ta ke yi, silikon ma ba ya kama su sosai. Sabulu ko garin wanki kada su kusanci akwatin, gama saurarsu kaɗan tana cutar da kifi. Saboda sabulun daren farko sai da samarin suka ɗauraye nasu sau da yawa. Wanda kuma zai yi amfani da ruwan bilic don kashe ƙwayoyin cuta, kada ya kuskura ya gama shi da binega, haɗuwarsu tana ta da iska mai guba wadda ke ƙona huhu. Kowanne da ranarsa, a ɗauraye sosai a tsakani, a shanya.

Ga sirrin sake danƙo: sabon silikon ba ya kama tsoho. Saboda haka faci ba shi da amfani, ko da kusurwa biyu ce ta lalace sai an cire na ciki duka, kusurwa huɗu na tsaye da huɗu na ƙasa. A yanke shi da reza a hankali, kada bakinta ya shiga tsakanin gilasan ya taɓa wanda ke riƙe da su. A yi ta kankara har yatsa ya daina jin santsi, a goge da sifirit, a bari ya bushe. Wannan kaɗai ya ci wa samarin kwana uku. Wajen saye a karanta jikin kwalin, a ɗauki wanda aka rubuta na akwatin kifi ne. Wanda magina ke sa wa a makewayi da ɗakin girki galibi an gauraya shi da maganin hana fumfuna, maganin nan kuwa guba ne ga kifi. Sai a manna tef na masu fenti a gefe da gefe don layi ya miƙe, a matsa danƙon a kusurwa ba tare da yankewa ba, a bi shi da yatsa sau ɗaya, a cire tef tun bai soma daskarewa ba. Aiki ne na mutum biyu, domin cikin 'yan mintoci fuskarsa ta ke soma bushewa. Sa'an nan a bar shi mako guda cur, har warin tsaminsa ya ɓace.

Bayan mako aka fitar da shi tsakar gida, aka aza shi a kan shimfiɗaɗɗen katako, aka sa tsofaffin jaridu a ƙarƙashi don ko ɗigo ɗaya ya zuba a gani. Da ruwan daɗi a ke gwaji, ba a ɓarnar gishiri. Ran farko sulusi, ran na biyu sulusi biyu, ran na uku har baki, aka yi alama a bakin ruwan, aka bar shi kwana bakwai. Jarida ba ta jiƙe ba.

Tebur ma sai da aka waiwaye shi. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗara kilo ɗaya kaɗan, ruwan akwatin kaɗai ya haura kilo 200, in aka haɗa da gilas da duwatsu da yashi ya doshi 300, watau kamar buhun shinkafa shida masu kilo 50. Da aka kankare fentin teburin aka tarar tsatsa ta cinye ƙafa ɗaya ta ciki. Mai walda ya sake ta, aka yi sabon fenti, aka shimfiɗa katako a kai, aka daidaita shi da ma'aunin magina. Tebur in ya karkata, nauyi sai ya taru a kusurwa guda, ya murɗa gilas har ya tsage.

Gargaɗi ɗaya game da duwatsu, muna kuwa roƙo a riƙe shi. Ɗaya daga cikin samarin ya so ya tafasa su a tukunya don su tsarkaka, Allah ya sa aka hana shi. Akwai wani irin murjani mai taushi da ke tsirowa a kan duwatsun nan, yana ɗauke da dafi mai tsanani ƙwarai, tururinsa ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti a Amurka da Ingila. Ba a tafasa su, ba a zuba musu ruwan zafi. A sa safar hannu da tabarau, a wanke su a fili, a jiƙa su makonni a wani bokiti dabam ana sake ruwan.

Ruwa Da Gishiri

Wani dattijo mai cinikin gishiri ya ce zai ba da gudummawar buhu guda na gishirin Ada. Mun gode masa ƙwarai, amma ba zai yi ba. Kakanninmu fatake sun san gishirin Daboya tun zamanin kasuwar Salaga, mu kuma mun san na Ada, duka na miya ne. A kowace lita ta ruwan teku akwai wajen giram 35 na gishiri, amma irin na miya wajen kashi 85 cikin 100 ne kaɗai a ciki, sauran waɗansu ma'adinai ne dabam waɗanda halittun teku ba su rayuwa sai da su. Don haka sai dai a sayi haɗaɗɗen gishiri wanda aka yi musamman don wannan aiki, akwatin lita 200 yana cin wajen kilo 7. A dama shi a wani mazubi dabam, inji na juya shi ya kwana, a gwada da ma'aunin gishiri, a nemi ya nuna 1.025 ko kusa da haka. Ruwan damawa kuma a nemi wanda aka tace sosai, gama na famfo yana da kulorin mai kashe kifi. Mai son ɗebo na teku kai tsaye, kada ya ɗiba a gaɓa, kowa ya san abin da Korle da magudanun gari ke zubawa a ciki. Ya ba masunta masu kwalekwale jarkoki masu tsabta, waɗanda ba su taɓa ganin mai ko fetur ba, su ɗebo masa can nesa da gaɓa.

Amma fa dattijon nan shi ya warware wa samarin wata matsala. Sun ga ruwa yana raguwa kullum saboda zafi, suna ta ƙara na gishiri, ma'auni kuma yana ta hawa. Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ku je Ada ku ga yadda a ke samun gishiri. Rana ruwa ta ke sha, gishiri a ƙasa ta ke barinsa." Watau abin da ya ƙafe ruwan daɗi ne, da ruwan daɗi a ke cike gurbinsa. Ruwan gishiri sai in an kwashe wani an zubar, kamar lita 20 kowane mako ko mako biyu.

Hasara Ta Biyu

Yanzu mun zo inda ya fi ciwo. Ruwa ya kwanta garau kamar idon zakara, samarin suka ga ai aiki ya ƙare, suka sayo kifi huɗu a rana ɗaya suka zuba. Kafin mako ya zagayo ba ko ɗaya mai rai. Dalili kuwa shi ne, kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna zama wata guba da a ke kira amoniya, ba ta da launi, ido ba ya ganinta. A teku yawan ruwa ya shanye ta, a akwati kuwa ba inda za ta. Masu kawar da ita waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, masu zama a ramukan duwatsu da cikin yashi. Wani iri ya juya amoniya ta zama guba ta biyu, wani iri ya juya ta biyun ta zama ta uku mai sauƙin cutarwa, wadda canjin ruwa ke ragewa. Duwatsun da suka shekara biyu a bushe ba sauran mai rai a cikinsu, sai an sake kiwon su, kiwon nan kuwa yakan ci mako huɗu zuwa shida. Ba a ƙara masa sauri da roƙo, ba a ƙara masa da faɗa.

Yadda a ke yi, a jefa ɗan guntun jatan lande a akwati ba kifi, inji na aiki dare da rana, ya ruɓe ya zama abincin halittun nan. Kowane kwana biyu ko uku a gwada ruwan da 'yan kwalaben gwaji a rubuta a littafi. Za a ga guba ta farko ta hau ta sauko, ta biyu ta hau ta sauko. Ran da duka biyu suka koma babu, ran nan akwati ya isa karɓar baƙi, su ma biyu biyu, da tazarar makonni a tsakani. Samarinmu sun jira kwana 38 a karo na biyu. Muna shaida sun sha ba'a a bakin masallaci, ana tambayarsu ko ruwa su ke kiwo. Da sun yi kiwon ruwan nan tun farko, da ba a yi hasarar rai huɗu ba. Dabbar da mutum ya tsare, ba ta da ikon fita ta nemi abinci ko iska, amana ce a wuyansa, wannan kuwa malamanmu sun fi mu sani.

Sauran abu biyu na ƙasarmu ne. Kifayen nan suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin zafi. Turawa na'urar ɗumama ruwa su ke saye, mu kuwa a Ankara sanyayawa ce damuwarmu, balle a watan Fabrairu da Maris. A nisanta akwati da taga da kwanon rufi, a kafa ƙaramar fanka tana hura fuskar ruwan. Na biyu wuta. Ba wanda ya manta dumsor na 2015. Ruwan gishiri bai kai na daɗi riƙe iskar numfashi ba, mai ɗumi kuma bai kai mai sanyi ba, saboda haka in inji ya tsaya na sa'o'i kifi sai su galabaita. A tanadi ɗan injin iska mai batir tun kafin a sayi kifi. Kuma ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki ƙwarai: soket ya kasance sama, waya ta sauko ƙasa ta yi lanƙwasa kafin ta hau gare shi don ɗigo ya faɗi ƙasa, a sa makashi mai yanke wuta da kansa, a kuma kashe kome kafin a tsoma hannu.

Yau akwai kifi biyu a akwatin, masu ruwan lemo da farin ɗamara, irin wanda yara ke kira Nemo. Asalinsu tekun Indiya da Fasifik, amma an zaɓi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, sun fi jure zaman akwati. Mun kuma gargaɗi samarin, duk ran da suka gaji, kada su ce za su yi sadaka su sake su a tekunmu. A 1985 aka fara ganin wani baƙon kifi mai ƙayoyin dafi a gaɓar Florida ta Amurka, ana kyautata zaton masu akwatuna ne suka sake shi, ga shi ya bazu har tsibiran Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen wurin. Masuntanmu ba su bukatar irin wannan baƙo.

To, iyayenmu dattawa, ga lissafi. Danƙo da reza da fenti ba su ci wani abin kirki ba. Gishiri da kayan gwaji da injin batir su suka ci kuɗi, sun fi kuɗin akwatin kansa. Buhun Alhaji da kifi huɗu kuwa kuɗin gaggawa ne. Duk da haka jimlar ba ta kai kuɗin sabo ba, samarin kuma sun fita da abin da mai sayen sabo ba ya samu, sun san kowace kusurwa ta akwatin nan da yatsunsu, sun iya karanta ruwa. Yanzu sun zo da roƙo biyu, a ƙara musu wa'adin biya, a kuma ba su rance na biyu su sayi wani tsohon akwati da suka gano. Ra'ayinmu, wa'adi a ƙara musu wata uku, gama ba cin kuɗin suka yi ba, a aiki suka sa shi. Rance na biyu kuwa a dakata, sai kifin nan biyu sun cika wata shida da rai, sun ƙetare zafin Maris, littafin gwaji kuma ba ranar da aka tsallake. Wanda ya riƙe biyu ya cancanci a ba shi goma.

Akwatin yana nan a zauren ƙungiya, 'yan makarantar allo suna zuwa kallo bayan la'asar. Muna roƙon kowane dattijo ya zo ya gani da idonsa, ya duba littafin, kafin taron wata mai zuwa inda za a yanke magana. Abu ɗaya kaɗai, a ja wa yara kunne kada su ƙwanƙwasa gilas, kada kuma kowa ya jefa wa kifi ɓarɓashin burodi don tausayi. Allah ya sa albarka a neman 'ya'yanmu, ya ba mu haƙurin jira. Amin.